Tambayoyi da amsoshi kan girka manhaja a Linux da warware rikicin fakitoci

Na ɗauki shekaru ina girka Linux a kwamfutocin mutane a nan Maraɗi, tun daga na ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo har zuwa na masu shagon buga takardu da ke kewayen babbar kasuwa, kuma tambayoyin da ake kawo mini ba su cika sauyawa ba. Shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Yawancin injunan da ke hannunmu Ubuntu ne ko Linux Mint ko Debian, waɗanda dukkansu nau'o'in Linux ne, da Faransanci kuma aka saita su, don haka na kawo saƙonnin kuskure yadda suke fitowa a allo domin kowa ya gane nasa.

Malam, mene ne fakiti, kuma don me ba a girka manhaja a Linux yadda muka saba a Windows?

Wanda ya tashi da Windows ya saba da shiga intanet ya nemo fayil, ya latsa shi sau biyu, shi ke nan. A Linux kuwa kowane nau'i yana da rumbunsa, inda masu kula da shi suka tara manhajojin da suka gwada suka tabbatar suna zaman lafiya da juna. Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, yana da fakiti sama da 60,000 a rumbunsa. Daga jikinsa aka fitar da Ubuntu a 2004, daga Ubuntu kuma aka fitar da Linux Mint, shi ya sa dukkansu ukun suke amfani da fayil mai ƙarewa da .deb.

Fakiti ƙunshi ne mai ɗauke da fayilolin manhaja tare da takardar bayani, wadda ta faɗi sunansa, da lambar fitowarsa, da sauran fakitocin da yake buƙata, da waɗanda ba ya jituwa da su. Ma'aikata biyu ne ke hidimarsa. `dpkg` shi ne mai kwance ƙunshin, ya ajiye kowane fayil a mazauninsa, sannan ya rubuta a kundinsa da ke `/var/lib/dpkg`. `apt` kuma shi ne ɗan aiken da ke zuwa rumbu ya ɗauko abin da aka nema haɗe da duk abin da ke biye da shi.

Duk ɗan kasuwar Maraɗi ya san darajar littafin da ake rubuta buhun da ya shiga sito da wanda ya fita. Ranar da yaron shago ya soma shigar da kaya ba tare da rubutawa ba, daga ranar littafin ya daina faɗin gaskiya, kuma ba a gane ɓarnar sai lokacin lissafi. Kundin `dpkg` ma haka yake, kuma mafi yawan matsalolin da za a gani a ƙasa suna tasowa ne daga abin da aka shigar ta bayan gida ba da saninsa ba.

Manhaja ɗaya tak na nema, sai ya ce zai sauke fakiti arba'in. Ko cutata yake so ya yi?

Babu cuta a ciki. Manhaja ba ta zuwa da dukkan kayan aikinta a jikinta, tana dogara ne da kayan haɗin da ta yi tarayya da wasu a kansu. VLC, alal misali, yana buƙatar fakitocin da ke warware sauti da hoto, su ma suna buƙatar wasu, a haka har a gangaro kan `libc6`, wanda kusan komai a cikin injin yake tsaye a kansa. Amfanin wannan tsari shi ne kwafi ɗaya ya wadatar da manhajoji da yawa, kuma in aka gano ɓaraka a cikinsa, gyara ɗaya ya isar wa kowa.

Sai dai buƙata hawa uku ce. Akwai ta dole, wadda in babu ita manhajar ba za ta tashi ba. Akwai wadda aka ba da shawarar a haɗa da ita, kuma `apt` yana ɗauko ta da kansa in ba a hana shi ba. Ta ukun ambato ce kawai, ba ya taɓa ta. Mai ƙarancin mega zai iya buɗe tagar rubuta umarni, wato Terminal, ya rubuta `sudo apt install --no-install-recommends` sannan sunan fakitin (`sudo` ɗin shi ke ba umarni ikon mai kula da injin), sai a tsaya a kan na dole kaɗai. Ina ba da wannan shawara ga ƙananan kayan aiki, amma ga babbar manhaja irin LibreOffice ko QGIS na fi son a bar shi ya ɗauko duka, domin sau da yawa abin da aka tsallake shi ne zai hana wani maɓalli aiki bayan wata biyu, lokacin da mutum ya riga ya manta da abin da ya yi.

Kafin a sauke komai, `apt` yana nuna jerin abin da zai girka, da abin da zai cire, da yawan megan da zai ci, sannan ya tambaya: «Souhaitez-vous continuer ? [O/n]». Ina roƙon mai karatu ya riƙa karanta wannan jeri kafin ya latsa O, musamman layin abin da za a cire. Wanda yake so ya ga abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba, ya ƙara `-s` a umarnin, sai a yi masa gwaji kawai.

Mene ne bambancin `apt update` da `apt upgrade`?

Na farkon ba ya girka komai. Yana zuwa rumbu ne ya karɓo sabon jerin abin da ke ciki, kamar mutum ya tura a tambayo masa abin da ya shigo kasuwa yau. Na biyun shi ne yake sauke sababbin fitowar fakitocin da ke cikin injin ya maye gurbin tsofaffin. Dole na farko ya gabaci na biyu, kuma saƙon «Impossible de trouver le paquet» a sabon injin yawanci alama ce ta cewa ba a taɓa karɓo jerin ba, ko kuma an yi kuskuren harafi a sunan fakitin.

Abokina yana da Fedora, umarnin da kuka koya mana ba ya aiki a wurinsa.

Gidansu daban ne. Fedora da Red Hat suna amfani da fayil .rpm, ɗan aikensu kuma `dnf`, wanda ya gaji `yum` a Fedora a 2015. Arch Linux yana da `pacman`, openSUSE yana da `zypper`. Aikin ɗaya ne, sunayen umarni da na wasu fakitoci ne suka bambanta, kuma kada a yi ƙoƙarin cusa fakitin wani gida a wani.

Wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, yanzu komai na nema sai ya ƙi. Sai na sake girka tsarin daga farko?

Wannan ita ce tambayar watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya tsananta wuta ta riƙa zuwa tana komawa. A mafi yawan lokuta ba sai an sake girkawa ba. Abin da ya faru shi ne `dpkg` yana aiki mataki biyu: ya kwance fakiti, sannan ya saita shi. In wuta ta yanke tsakanin matakan, sai kundin ya nuna fakitoci da dama a rataye, shi kuma `apt` ba ya yarda ya ɗora sabon aiki a kan wanda bai kammala ba.

A fara da `sudo dpkg --configure -a`, wanda zai ƙarasa saita duk abin da aka bari a rataye. Daga nan a bi da `sudo apt --fix-broken install`, wanda zai ɗauko abin da ya rage bai iso ba. In injin ya ƙi kaiwa ga allon shiga ma gaba ɗaya, a latsa Ctrl da Alt da F3 tare, tagar rubutu za ta buɗe a shiga da suna da kalmar sirri a yi waɗannan umarnin biyu a can. In ƙwayar tsarin ce, wato kernel, ginshiƙin da ke sarrafa injin, aka katse ana sauyawa, jerin GRUB da ke fitowa a farkon kunnawa yana ajiye tsohuwar, a zaɓe ta a tashi da ita.

Yankewar wuta lokacin saukewa ba ta da illa, domin abin da aka sauke yana nan, za a ci gaba daga inda aka tsaya. Haɗarin yana lokacin kwancewa da saitawa. Saboda haka mai kwamfutar teburi da ba shi da batirin tsaro ya raba aikin biyu: ya yi `sudo apt-get upgrade --download-only` a duk lokacin da ya samu rezo, ya bar girkawar, wadda ba ta cika wuce ƴan mintoci ba, sai lokacin da ya ga wutar ta zauna.

Yana ce mini «Impossible d'obtenir le verrou /var/lib/dpkg/lock-frontend». Na ga an ce a goge fayil ɗin.

Kada a goge. Makullin yana nufin wani aiki yana rubutu a kundin yanzu haka, kuma sau da yawa mai sabunta tsaro ne, `unattended-upgrades`, wanda kan tashi da kansa jim kaɗan bayan an kunna Ubuntu. Hannu biyu a littafi ɗaya lokaci guda shi ne ke lalata lissafi. A rufe shagon manhajoji in yana buɗe, a jira ƴan mintoci, a sake gwadawa. Sauri ya haifi nawa, kuma na sha gyara injin da ba abin da ya same shi illa goge wannan makulli.

Me ke jawo «Les paquets suivants contiennent des dépendances non satisfaites»?

Ma'anarsa ita ce fakitin da aka nema yana buƙatar wani abu da babu shi a rumbunan da injin ya sani, ko akwai shi amma lambar fitowarsa ba ita ake so ba. In mutum bai taɓa ƙara wani rumbu ba, da wuya ya ga wannan saƙo. Yana fitowa ne galibi bayan an sauko da fayil .deb da aka yi wa wata fitowar Ubuntu daban, ko an ƙara rumbun wani mutum, wanda ake kira PPA, ko an haɗa rumbun tsohuwar fitowa da na sabuwa. Masu Debian sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan gamin gambiza, har sun laƙaba masa suna FrankenDebian.

Wani mai shagon buga katin aure ya taɓa kawo mini injinsa ana saura kwana uku ya miƙa aiki. Ya so sabuwar fitowar wata manhajar zane, sai ya bi wani bayani ya ƙara rumbun fitowar da ta fi tasa sabunta. Manhajar ta nemi sabon `libc6`, sabon `libc6` ya ƙi jituwa da rabin abin da ke injin, sai `apt` ya kawo mafitar da lissafinsa ya ba shi, wato cire fakitoci masu ɗimbin yawa har da allon aikin kansa, wato fuskar da ke nuna tagogi da gumaka. An rubuta masa jerin ƙarara, amma bai karanta ba ya latsa O. Fayilolinsa ba su ɓata ba, sai dai kwana biyu muka yi kafin shagon ya koma aiki, kuma abin ya dame ni ƙwarai domin karatun minti ɗaya da ya hana shi.

Hanyar bincike ita ce `apt-cache policy` da sunan fakitin, zai nuna fitowar da ke injin, da wadda ake shirin ɗaukowa, da rumbun da kowace ta fito. A duba `/etc/apt/sources.list` da abin da ke cikin `/etc/apt/sources.list.d`, a cire baƙon rumbun, a sake `apt update`. Fayil ɗin `/var/log/apt/history.log` kuma yana riƙe da tarihin abin da aka girka da ranarsa, yana taimakawa sosai in mai injin ya ce bai taɓa komai ba. In dole ne a girka .deb da aka sauko da hannu, a yi `sudo apt install ./suna.deb` maimakon `dpkg -i`, domin na farkon yana nemo abin da fakitin ya dogara da shi, na biyun kuwa ba ya nema.

Muna da kwamfuta goma a ɗakin koyarwa, kuma mega tana da tsada. Dole kowace ta sauke nata?

A'a. In injunan fitowa ɗaya ne kuma ƙirarsu ɗaya, saukewa ɗaya ta isa. Fakitocin da aka sauke suna zama a `/var/cache/apt/archives`. Akwai wani ɗan bambanci da mutane da yawa ba su lura da shi ba: `apt` yana share su bayan ya gama girkawa, `apt-get` kuwa yana barinsu. Don haka a injin farko a yi amfani da `apt-get install`, a kwafe fayilolin .deb a kile, a kai wa na biyu, a shiga jakar a rubuta `sudo apt install ./*.deb`.

Inda injunan ke haɗe da juna, abin da ya fi shi ne a girka `apt-cacher-ng` a guda ɗaya, wanda yake sauraro a ƙofa mai lamba 3142, a nuna wa sauran su riƙa bi ta wurinsa. Fakitin da ɗaya ya nema an ajiye shi ke nan, tara da suka rage daga maƙwabcinsu za su karɓa. Ga injin da ke ƙauyen da rezo ba ya kaiwa sosai, akwai `apt-offline`: ya rubuta jerin abin da injin ke buƙata a ƙaramin fayil, a zo da shi Maraɗi a sauke, a koma da kayan.

Rezo yana da kyau, amma `apt update` ya ƙi. Ina matsalar?

Abu biyu nake fara dubawa. Na farko agogo. Yawancin injunanmu na hannu ne, ƙaramin batirin da ke riƙe musu lokaci ya mutu, sai su farka a wata shekara da ta wuce. Takardar rumbu tana ɗauke da kwanan wata, in agogon injin yana baya sai ya ce takardar lokacinta bai yi ba, ya ƙi ta. Umarnin `timedatectl` zai nuna lokacin, yankin kuma ya zama Africa/Niamey, batirin ma a sauya shi.

Na biyu, ƙarewar wa'adi. Ubuntu yana fitowa sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, kuma fitowar yau da kullum wata 9 kacal ake kula da ita, daga baya a kwashe fakitocinta a mayar tsohon rumbu, sai injin ya riƙa samun kuskure mai lamba 404. Fitowar LTS, wadda ke zuwa a Afrilun shekaru masu lamba cika irin 22.04 da 24.04, ita ce ake kula da ita shekara 5. A yanayinmu ban ga dalilin da zai sa mai shago ko makaranta ya girka wadda ba LTS ba.

Snap da Flatpak da AppImage fa, ba su ne maganin wannan rikici duka ba?

Sun magance wani ɓangare, da farashinsu. Dabararsu ita ce manhaja ta zo da guzurinta, ba ta taɓa kayan haɗin tsarin, don haka ana iya samun sabuwar fitowa a tsohon injin ba tare da an yi irin kuskuren mai katin aure ba. Farashin shi ne nauyi. Flatpak na farko da za a girka daga rumbunsa, Flathub, yana jawo gindin da zai tsaya a kai, wanda yake kai ɗaruruwan mega, ko da yake manhajojin da suka biyo baya za su yi tarayya a kansa. Snap, wanda kamfanin Canonical ya ƙera, yana sabunta kansa ba tare da tambaya ba, kuma wannan ne ke cinye forfen mutane da dare. Ana tsayar da shi da `sudo snap refresh --hold`, da sharaɗin mutum ya riƙa tunawa ya sabunta da hannunsa. Linux Mint ya toshe Snap tun fitowarsa ta 20 a shekarar 2020, ya karkata ga Flatpak.

AppImage fayil ɗaya ne da ake ba izinin aiki a latsa, ya kuma dace da yawo a kile, sai dai da yawansu suna buƙatar `libfuse2`, wanda a Ubuntu 24.04 sunansa ya koma `libfuse2t64`. Ni dai tsarina shi ne rumbu tukuna, in babu ko ta tsufa da yawa sai Flatpak.

Ni ɗalibi ne, `pip install` yana ƙi yana cewa «externally-managed-environment».

Kariya ce aka sa da gangan tun Debian 12 da Ubuntu 23.04, duka a 2023. Kayan aikin tsarin da yawa da Python aka rubuta su, kuma `pip`, mai girka fakitocin Python, ba ya rubutu a kundin `dpkg`, don haka yana iya maye gurbin abin da tsarin ya dogara da shi ba wanda ya sani. A girka `python3-venv`, a yi `python3 -m venv aiki` domin a ware wurin aiki na daban, a shiga da `source aiki/bin/activate`, a can `pip` zai yi duk abin da aka so ba tare da ya taɓa tsarin ba. Akwai zaɓin da ke karya kariyar, sunansa ma `--break-system-packages`, kuma ina hana ɗalibaina shi.

Shin abin da ke rumbu amintacce ne ɗari bisa ɗari?

Rumbu yana da sa hannun sirri, `apt` kuma yana tantance shi kafin ya karɓi komai, don haka ba a iya musanya fakiti a hanya. Wannan bai hana mugunta shigowa daga tushe ba. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga injin gwajinsa ta SSH, hanyar shiga injin daga nesa, ya yi ɗan jinkiri, da ya bi diddigi sai ya gano an dasa ƙofar sata a `xz`, manhajar matse fayiloli, a fitowa 5.6.0 da 5.6.1. Abin lura ga maganarmu shi ne hanyar da aka bi: a wasu nau'o'in Linux mai tsaron SSH yana dogara da `libsystemd`, shi kuma yana dogara da `liblzma` na `xz`, sai aka kai hari ta wannan fakiti na can ƙasa da ba kowa ke kallo ba. Gurɓatattun fitowar sun shiga rumbunan gwaji na Debian da Fedora, amma ba su kai ga Debian tsayayye ko Ubuntu LTS ba, domin waɗannan ba sa karɓar sabon abu da gaggawa. Shi ya sa ba na jin haushi in na ga manhajar rumbu ta ɗan tsufa. Abin da nake tsoro ya fi wannan sauƙi, wato umarnin da ake kwafowa daga intanet a liƙa da `sudo` a gabansa ba tare da an san abin da yake yi ba.

Yaya ake cire manhaja da kyau?

`sudo apt remove` yana cire ta ya bar saitunanta na tsarin, `sudo apt purge` yana haɗawa da su. Bayan haka `sudo apt autoremove` yana kwashe kayan haɗin da aka ɗauko dominta waɗanda babu mai buƙatarsu kuma. Nan ma a karanta jerin, in an ga sunan allon aiki a ciki a latsa n.

Haruffanmu masu lanƙwasa suna fitowa akwati-akwati a takarda. Wane fakiti ya rage?

Salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. A girka `fonts-sil-charis` ko `fonts-sil-andika` ko `fonts-noto-core`, dukkansu suna rumbu kuma suna ɗauke da waɗannan haruffa manya da ƙanana, sannan a rufe LibreOffice a sake buɗe shi domin ya gan su. Wanda yake so allon LibreOffice ya koma Faransanci da mai duba kuskuren rubutu ya ƙara `libreoffice-l10n-fr` da `hunspell-fr`. In za a kai takardar wani shago a buga, a fitar da ita PDF tun daga gida, domin salon rubutun yana tafiya a cikin fayil ɗin ko da injin shagon ba shi da shi.